Inda Iya Ta Ɗora Baƙin Dutse

Taufiq mai gyaran injin ban-ruwa bai fara neman gidan saye don haya ta ishe shi ba. Shi da za a ƙyale shi, da ya zauna a haya har a fitar da gawarsa, tunda mai gidan ba ya leƙowa sai ƙarshen shekara, rufin kuma a ɗaki ɗaya kawai yake yoyo. Mahaifiyarsa ce ta ƙi.

Iya da hannunta take binne mabiyiyar jikokinta. Ba ta bar wa ungozoma, ba ta bar wa ma'aikatan asibiti. Sai ta wanke ta, ta naɗe a farin ƙyalle, ta haƙa rami a bayan ɗaki, ta rufe, kuma a wurinta abin da aka rufe ba a tonewa. Ta Salim, babban ɗan Taufiq, a gidan hayar bayan kasuwar Kura ta binne ta. Yau injin casar shinkafa ne zaune a wurin, yana ruri safe da yamma, Iya kuma ta ce shi ya sa yaron ba ya iya zama wuri ɗaya. Ta Mansura tana gidan haya na biyu, wanda aka sayar aka malale shi da siminti, aka mai da shi rumbun taki. Yanzu suna gida na uku, matarsa Surayya kuma cikinta ya shiga wata bakwai.

Wata safiya Iya tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai." Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Ta ukun nan ba zan zuba ta a ƙasar mutane ba. Ka nemo mana ƙasa."

"Iya, gida ai ba tumatir ba ne da za a shiga kasuwa a ɗauko."

"Saura wata biyu. Tumatir ma daga dashe zuwa nuna bai cika fin haka ba."

Ba wai ba shi da abin saye ba. Ya tara kuɗin shinkafar rani biyu, ya haɗa da na wasu injuna da ya gyara ya sayar. Amma shago yake so da su. Shekara goma sha ɗaya yana gyara a gindin darbejiya a bakin titi, in hadari ya taso ya kwashi sifana da fulogi a buhu ya ruga baranda, tsuntsaye kuma suna sa masa hannu a kowane aiki. Sai ya yi dabara ta mai hankali: zai nemi gidan da za a fitar da shago a gabansa, Iya ta sami ƙasarta, shi ya sami ƙofarsa.

Dillalin da ya samo, Iliyasu, mutum ne da tunda yake bai taɓa ganin gida mara kyau ba. Shi kansa a haya yake. Ya ce mallakar gida iri-iri ce, kuma kowane iri shi ne ya fi, ya danganta da wanda ake tsaye a gabansa. Suka shiga adaidaita sahu su uku, don Iya ta ce da ita za a je, da sandarta.

Suka fara da wasu sababbin benaye a wajen Kumbotso, fenti ruwan madara, da mai gadi a ƙofa. Iliyasu ya hau da su hawa na biyu, ya buɗe famfo ruwa ya zo, ya danna bango fitila ta kama, ya juyo yana duban fuskokinsu kamar shi ya ƙirƙiro wutar. Iya ta huta a kan matattakala sau biyu kafin ta iso. Ta ƙwanƙwasa tayil da sanda.

"Ƙarƙashin nan mene ne?"

"Falon maƙwabcinku ne, Iya. Ma'aikacin banki ne, mutumin kirki."

"Ƙarƙashinsa fa?"

"Ƙasa ce."

"Ta wa?"

"Ta kowa da kowa. Ku mallakarku daga wannan tayil zuwa silin, da takarda. Tsakar gida da matattakala da tankin ruwa na tarayya ne, akwai kwamiti."

Iya ta leƙa ta taga. Tsakar gidan an shimfiɗe ta da intalok tun daga ƙofa har katanga, ko inda kaza za ta yi tono babu. Ta ce wato mutum ya ba da kuɗinsa a sayar masa da iska tsakanin mutum biyu. Iliyasu ya ce iskar ma a nan ta fi ta Kura, babu sauro. Taufiq a ransa ya so famfon. Amma ya tambaya ko zai iya kwance inji a ƙofar gida, aka ce sai kwamiti ya zauna, ya san kuma babu kwamitin da zai zauna ya yarda da baƙin mai a kan intalok.

Washegari aka kai su cikin garin Kura, wani babban gidan gado na ƙasa mai zaure biyu. Mai gidan ya rasu ya bar magada goma sha ɗaya, ɗaya daga cikinsu yana son sayar da rabonsa, ɗaki biyu da rumfa. Nan ƙasa har ta yi yawa, har a kan gado ana samunta. Iya ta zagaya bayan ɗakin, ta soka sanda, sanda ta shiga. Fuskarta ta ɗan saki.

"Nan na wa?"

Mai sayarwar ya sosa ƙeya ya ce ɗakuna aka raba, tsakar gida da bayan ɗakuna ba a raba ba tukuna, ana jiran wani wansu da ke Ikko. Shekara nawa ana jiransa? Bakwai. Wata tsohuwa da ke daka a gefe, ba a tambaye ta ba, ta ce kuma su sani akwai shufa'a. Tunda ba a gama rabo ba, duk ɗan'uwan da ya ga dama zai iya zuwa ya mai da wa baƙo kuɗinsa ya karɓi rabon, kuma na Ikkon irin mutanen nan ne masu ganin dama. Iliyasu ya harare ta, ya ce ai ba a cika yi ba. Ta ce an yi a gidan can na kusa da masallaci, an yi wa mai shayi, da kayansa a ka ya fita. Ta ci gaba da dakanta.

A hanya Iya ta ce ba za ta binne abu a wurin da mutum goma sha ɗaya ke da bakin magana ba. Taufiq bai yi musu ba, dama zauren da ya hango wa shago akwai masu kwana uku a ciki.

Na uku shi ne wanda duk mai hankali zai zaɓa, kuma Taufiq ya san haka. Fili ne awon gwamnati a wajen Dawakin Kudu, an fitar da tituna, an kafa duwatsun iyaka masu lamba, ga satifiket da hatimi. Iliyasu ya riƙe takardar da hannu biyu kamar jariri. Ya ce wannan ko kotun ƙoli aka je ita ce magana, banki ma yana ganinta zai miƙe tsaye. Shekara casa'in da tara cur.

"Shekara me?" in ji Iya.

"Casa'in da tara. Haka ake rubutawa."

"Bayan nan fa?"

"Sai a sabunta."

"Wa zai sabunta?"

"Jikoki mana, ko tattaɓa-kunne."

"In suka manta fa?"

"Haba Iya, lokacin ai duk ba ma nan."

"Shi ya sa nake tambaya yanzu da muke nan."

Da ta ji kuma akwai kuɗin ƙasa da ake kaiwa duk shekara, sai ta gyara mayafi ta nufi adaidaita. Ta ce a garinsu abin da ake biya duk shekara, mai wa'adi a rubuce, sunansa haya, ko da wa'adin ya fi ran mutum tsawo. Taufiq ya yi ƙoƙarin fahimtar da ita, ya ji haushi sosai, ya bi bayanta don uwa ce. Gaskiyar magana kuma filin ya fi ƙarfin aljihunsa, ga shi babu injin ban-ruwa ko ɗaya da ake jin ƙararsa a wurin, mai gyara zai yini yana hamma.

Saura awon igiya. Iliyasu ya ajiye shi ƙarshe don la'adarsa ce ta fi ƙanƙanta. Wani manomi, Malam Mudassiru, yana da tudu a hanyar Bunkure, wajen gonakin da kanal ke ba ruwa, ya yanka shi filaye da igiya ya kafa turaku. Babu satifiket, sai takardar mai unguwa da shaidu. Wannan karon Iliyasu da kansa ya faɗi aibu, abin da ba a saba ji daga bakinsa ba. Ya ce a awon igiya hanya sai yadda mai gona ya ga dama ya bari, kwata babu, in ba a yi sa'a ba a sayar wa mutum biyu wuri ɗaya.

Suka tarar da gonar kore shar da albasa, don sharaɗin Malam Mudassiru shi ne ba mai taɓa ƙasa sai ya cire amfaninsa. Turakun duk sun ɓuya a cikin ganye. Iya ta dubi mai gonar ta ce, "Wa ya ba ka?"

"Babana."

"Shi fa?"

"Babansa. Shi ya sare dajin."

"Shekara nawa za ka ba mu?"

Malam Mudassiru ya dubi Taufiq, ya dubi Iliyasu, ya ce shi bai gane tambayar ba. In ya sayar ai ya sayar. Iya ta sunkuya ta ɗebi ƙasa ta murza a tafin hannu, ta ce a rubuta.

Filin da Taufiq ya zaɓa na kwana ne, fuska biyu, ɗaya tana kallon hanyar da manoma ke bi da injunansu a bayan babur. Shago biyu za su fita a wurin ba tare da an matsa wa kowa ba. Ta bayansa hanyar ruwa ta bi, wadda Malam Mudassiru ya haƙa daga rijiyarsa zuwa fangalin albasa. Mutanen wannan yanki kuwa da ruwa suke kwatance. Ka tambayi gidan wani a ce maka gaban kanal, ka tambayi maƙabarta a ce bayan ƙofar ruwa ta biyu. Iya ba ta dubi turaku ba. Ta dubi hanyar ruwan ta ce, "Wato daga ruwan nan zuwa hanya namu ne." Aka ce haka ne. Aka je gaban mai unguwa aka sa hannu, aka yi addu'a, aka raba goro.

Bayan mako uku Malam Mudassiru ya kira Taufiq, injinsa yana tari ba ya jan ruwa. Taufiq ya duba ya ce lafiyar inji lau, rijiyar ce ta ja baya, ya mai da shi ɗaya rijiyar ta can ciki. Malam Mudassiru ya bi shawara. Ya cike tsohuwar hanyar ruwa ya dasa albasa a kai, ya haƙa sabuwa can baya, tsawon fili guda. Taufiq ya karɓi ladan aikinsa ya koma gindin darbejiya yana jin daɗin kansa. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai cewa ya matsar wa mahaifiyarsa da iyaka ba.

Surayya ta haihu ranar wata Talata da hantsi, a asibiti, mace. Ungozomar asibitin ta miƙo baƙar leda, Iya ta karɓa tun kafin ta karɓi jaririyar. Taufiq ya ce bari ya kai ta a babur. Ta ce wannan ba aikin maza ba ne, ya tsaya ya ji da masu barka. Ta je gida ta wanke, ta naɗe, ta ɗauki ƙaramar fartanya, ta tari adaidaita ita kaɗai. Bayan azahar ta dawo da ƙasa a zaninta, ta sha ruwa kofi biyu, ta ce ta rufe a kusurwar da ke jikin ruwa, ta ɗora baƙin dutse a kai. Ran nan har waƙa aka ji tana yi wa jaririya, abin da ba ta yi wa na farko da ta biyu ba. Ran suna aka mai da sunan Iya, ana kiran yarinya Uwa.

Sai da aka cire albasa, gona ta zama fili tsirara, turaku suka fito, Taufiq ya je da magini don a ja igiyar tushe. Ya ce wa maginin akwai kusurwar da ba za a taɓa ba. Suka je kusurwar, babu dutse. Ya zagaya filin sau biyu. Sannan ya ɗaga kai ya hango sabuwar hanyar ruwan can baya, ya hango baƙin dutse zaune a jikinta, daidai inda Iya ta ce. Dutsen yana cikin filin da ke bayan nasa, kuma an zagaye shi da farin toka, murabba'i, irin alamar da magina ke yi.

Filin na Levi ne, wani mutumin Filato da ya fi shekara ashirin yana tuƙa injin casa a Kura. Ya riga ya sauke bulo. Maginin Taufiq ya je ya dubi farin tokan, ya dawo ya ce, "Shadda za a haƙa a nan. Wuri mai kyau ya zaɓa, ƙasar da laushi."

Taufiq ya sallami magini ya ce sai gobe. Ya tsaya shi kaɗai, rana tana dukansa. Can ya taka ya shiga filin Levi, ya ɗauki dutsen, ya kawo shi kusurwar nasa filin ya ajiye. Ya ja baya ya duba. Ya zauna daram, kamar nan aka haife shi. Iya ba za ta taɓa sani ba, Surayya ba za ta sani ba, ita kuwa Uwa ko wuyanta bai tsaya ba. Ya kai wajen babur har ya sa mukulli. Sai kunya ta kama shi, irin wadda ba ta bukatar kowa ya gani. Ya koma ya ɗauki dutsen, ya same shi ya fi ɗazu nauyi, ya mai da shi cikin gurbinsa da ke nan a ƙasa bai goge ba.

Da la'asar ya sami Levi a gidan da yake haya, yana wanke ƙurar buntu daga kansa. Matarsa Monica ta kawo ruwa da kujera. Aka gaisa, aka yi barka da arziki, aka tambayi mai jego. Taufiq ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi bulon Levi, ya tambayi inda ya saya, har dai ya rasa abin yabo ya faɗi abin da ya kawo shi.

Levi bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Malam Taufiq, wannan ai ba matsala. Sai in matsar da shaddar. In ce wa magini ya kai ta ɗaya kusurwar."

"Na gode. Amma wurin zai zama me?"

"Ko kicin, ko wurin kaji. Duk abin da ka ce. In kana so ma in bar shi haka, in kewaye."

"Amma ƙasar taka ce."

Levi ya ce, "Eh, tawa ce."

"Ka ga ke nan ta uku ma a ƙasar mutane take."

Monica da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce ita ta gane maganar Mama. Ta ce nata uku ne, kowanne da gidan hayarsa, akwai wanda in ta bi ta ƙofar gidan takan rage sauri, masu gidan suna zaton bara za ta yi. Levi ya ce mata ba a tambaye ta ba, ta ce ta sani.

Taufiq ya ce su yi musaya. Levi ya ajiye tawul ya dube shi sosai. Ya ce ko ya san filin baya ya fi ƙanƙanta da taku shida, kuma lungun da Malam Mudassiru ya bar masa babur kaɗai ke shiga, in an ɗauko buhu sai an sauke? Ya sani. Ya san ba shago a can, sai dai in kaji zai yi wa gyara? Ya sani. Levi ya ce shi ba zai ci wannan banza haka ba, zai yi ciko, ya bar masa bulon da ya riga ya sauke. Cikon dai bai kai shago ba, duk su biyun sun san haka, ba wanda ya faɗa.

Mai unguwa sai da ya tambayi Taufiq sau biyu ko lafiyarsa ƙalau, kafin ya yarda ya sake takardu. Iliyasu ya ce shekara ashirin yana dillanci bai taɓa ganin wanda ya ba da kwana ya karɓi lungu ba, sannan ya tambaya ko musaya tana da la'ada. A gindin darbejiya labari ya bazu cewa an yi wa Taufiq wayo, wasu suka ce asiri ne, wani ya ce dama masu gyaran inji hayaƙi yana taɓa musu kai. Bai ce wa kowa komai ba. Surayya kaɗai ya faɗa wa, ta daɗe tana kallon jaririyar, ta ce, "Baban Salim, Allah ya ba ka wani shagon." Ya ce amin, amma abin ya yi masa ciwo, kuma ya daɗe yana yi.

Ranar da za a ja igiyar tushe Iya ta ce da ita za a je. Ya ɗauke ta a babur. Suka wuce filin kwana, inda Monica ke tsaye tana nuna wa magini inda ƙofar shago za ta kalla. Ta durƙusa ta gai da Iya, Iya ta amsa tana waige. Suka shiga lungu, gwiwar Iya tana gogar turaku. Ta sauka, ta nufi dutsenta kai tsaye, ta taɓa shi da sanda. Sannan ta juya ta dubi hanya can nesa, ta dubi hanyar ruwa, ta sake duban hanya.

"Kai. Ba nan muka saya ba."

"Nan ne, Iya."

"Wanda muka saya yana bakin hanya. Ka ce shago biyu."

"Takarda ta ce nan ne."

"Ni za ka karanta wa takarda?"

Ta daɗe tana kallon tsohon wurin da ruwa ya bi, inda har yanzu ƙasar ta fi duhu. Tsohuwar manomiya ce, ba ta bukaci a yi mata bayani ba.

"Ni na ɓata," ta ce.

"Ni na ce a matsar da ruwan, ban faɗa miki ba."

"Da ka faɗa min, da na zo na tone."

"Ke kika ce ba a tonewa."

Ta nemi bulo ta zauna. Magini ya ga yanayin, ya ja yaransa suka koma can suna warware igiyar da ba ta harɗe ba.

"Gadar nan da muka hau yanzu," in ji Iya, "ta kan babban kanal. In ka tsaya a tsakiyarta ka dubi yamma, taku kamar ashirin. Nan ne bayan ɗakin uwata."

Taufiq ya dube ta. Shekara arba'in yana ɗanta, abin da ya sani kawai shi ne su mutanen nan ne.

"Ina da shekara goma sha biyu aka zo da motocin haƙa. An ba mu wani wuri, ba a cuce mu ba, ruwan ma ga shi kowa yana ci da shi. Amma tawa tana nan ƙasan ruwan, da ta yayyena, da ta ƙanina da ya rasu. Ban taɓa faɗa wa ubanka ba, balle kai." Ta share hanci da bakin mayafi. "Kada ka zaci ban san ana ɗauke ƙasa ba. Na fi dillalinka sani. Ko mai satifiket, ko mai igiya, in abin ya zo ya zo. Ni dai so nake yarinyar nan in ta girma ta tambaya, a kama hannunta a nuna mata, a ce nan, kuma ta taka wurin ba sai ta yi wa kowa sallama ba."

Taufiq ya tuna sau nawa ya tsugunna a ƙarƙashin gadar nan yana gwada injin mutane, yana wanke hannu da ruwan, tausayinta ya cika masa ciki har ya kasa dubanta.

Ta miƙe da kyar, ta kira magini ta ce ya ja igiyarsa, amma kusurwar nan ko cokalin siminti kada ya zuba. Ta tambayi inda ɗakinta zai kasance, aka nuna mata, ta ce ya yi. Game da shago ba ta ce komai ba, sai da za ta hau babur ta dafa kafaɗarsa, ta bar hannun a wurin fiye da yadda hawa ke bukata.

A hanyar komawa, da suka hau gadar, ya rage gudu. An saki ruwa, kanal ya cika har baki, yana tafiya a hankali zuwa gonakin shinkafa. Ya juya kai yamma yana ƙiyasta taku ashirin, babu abin da ke wurin sai ruwa.

Iya ta zungure shi a baya.

"Wuce," ta ce. "Ba a tsayawa a kan gada."